Gani Ya Kori Ji: Tarihin Yadda Almajiran Shari'a Su Ke Koyon Aiki A Ƙasar Kano

Wanda ya fita birnin Kano ta Ƙofar Kabuga, ya miƙi hanyar Gwarzo, ba zai daɗe ba sai ya wuce sabon mazaunin Jami'ar Bayero, inda samari da 'yan mata su ke karatun shari'a. In ya ci gaba, ya bar Janguza a baya, sai ya faɗa ƙasar Rimin Gado. Nan kuwa duk inda ya ɗaga ido gona ce ta haɗa kafaɗa da gona, daga Gulu har Karofin Yashi, daga Butu-Butu har Yalwan Danziyal. Ba daji, ba saura. Kowace gona da mai ita, kowace iyaka da gambar da aka dasa a kanta, kowace ɗorawa da wanda ya ke da ikon kaɗe ta. Ƙasar da mutane su ka yi yawa haka, taki ɗaya na ƙasa ya isa ya raba wa da ƙane har su mutu ba su gaisa ba.

To, tsakanin ajin nan na Jami'a da gonakin nan, a mota tafiyar ba ta kai sa'a guda ba. Amma a wajen ilimi tafiya ce mai nisa, an fi shekara ɗari ana neman hanyar da za a gajarta ta. Abin da mu ke so mu duba yau ke nan: yaya mai karatun shari'a ya ke koyon aikin hukuma kafin a ɗora masa nauyin gonar wani, da auren wani, da wuyan wani?

Bari mu faro daga tushe. Tun zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, Shehu Magili ya sauka Kano, ya rubuta wa Sarki nasiha a kan abin da ya wajaba ga masu mulki. Bayan an yi jihadi kuma, Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya zo Kano, a nan ya wallafa Liya'ul Hukkami don ya nuna wa jama'a yadda a ke tafiyar da hukunci. Ashe ke nan littafi bai taɓa yi wa Kano ƙaranci ba. Yaro ya kan sauke Alƙur'ani, ya shiga makarantar zaure, ya bi Ahalari da Ishmawi da Iziyya, ya hau Risala da Askari, har ya kai Muhtasar na Halilu. In kuwa alƙalanci a ke nufinsa da shi, sai a haɗa masa da Tuhufa ta Ibnu Asim, wadda aka tsara musamman saboda masu yanke hukunci.

Amma fa duk da wannan karatu ba wanda zai miƙa masa buzu ya ce zauna ka yi shari'a. Sai ya tare a zauren wani alƙali tukuna, sau da yawa ubansa ne ko kawunsa, gama a Kano akwai gidajen da aka sani da wannan aiki, irin su Gyanawa. Ya kan fara da ɗaukar gafaka da jiƙa tawada. Daga nan a sa shi rubuta wasiƙa, sa'an nan a bar shi ya zauna gefe yana saurare. In ya ƙware ya zama muhuti, watau mai taimakon alƙali wajen binciken nassi, a riƙa aikensa ƙauye ya ƙidaya dukiyar mamaci ko ya duba iyakar da a ke gardama a kanta. Shekara da shekaru a kan yi a haka. Ba takardar shaida, ba ranar fita. Shaidarsa ita ce ranar da manya su ka ce, "Wane ya isa."

Me ya ke koyo a zauren nan wanda babu shi a gafaka? Da fari ya koyi rarrabe mai da'awa da wanda a ke da'awa a kansa, gama malamai sun ce wanda ya gane wannan ya gane alƙalanci. Wanda ya riga zuwa ƙara ba lalle ne shi ne mai da'awa ba, ga shi kuwa a kan mai da'awa ne kawo shaidu ya ke, rantsuwa kuma a kan wanda ya musa. In aka juya su, an juya hukunci ke nan tun ba a fara ba. Ya koyi yadda a ke tazkiyar shaidu, a bincika a asirce ko mutumin kirki ne, ko yana da ƙullalliya da wanda ya ke ba da shaida a kansa, ko yana cin tuwon wanda ya kawo shi. Ya koyi i'izari, watau tambayar ƙarshe da a ke yi wa wanda hukunci zai hau, ko yana da sauran magana. Ya koyi lokacin da ya fi kyau a ce wa 'yan'uwa su fita gindin bishiya su yi sulhu. Duk waɗannan sunansu yana cikin littafi. Yadda a ke yinsu kuwa, sai an gani.

Ga misali, don kada maganarmu ta zama ta iska. A ce wani manomi ya rasu a ɗaya daga cikin ƙauyukan Rimin Gado, ya bar mace ɗaya, da 'ya'ya maza biyu, da 'ya mace ɗaya. Almajirin da ya karanta babin gado ba zai ɓata lokaci ba. Matar tana da tumuni, abin da ya saura na 'ya'ya ne, namiji ya ɗauki rabon mata biyu. A kasa dukiya kashi 40, matar ta ɗauki 5, kowane namiji 14, 'yar kuma 7. Lissafi ya fita, ba saura ba gibi. Madalla.

To, sai a tashi a je gonar. Da isa sai a tarar gefe ɗaya jigawa ne mai yashi, gefe ɗaya kuwa ya gangara fadama inda a ke samun rake da albasa da rani. Kadada ɗaya a nan ta fi uku a can. A tsakiya ga ɗorawa biyu, maƙwabci ya ce shi ya ke kaɗe su tun da mamacin ya karɓi hatsi a hannunsa wata shekara da aka yi yunwa. Wani yanki kuma yana hannun wani, shi ya ce saye ya yi, magada su ka ce jingina ce, ba takarda, waɗanda aka yi abin a gabansu ɗaya ya mutu ɗaya ya rikice. Babban ɗan ya tafi cin rani shekara bakwai ba labari. Matar kuma ta ce tunkiya uku da ke garke nata ne, da kuɗin ƙuli-ƙulinta ta saya. Ina kashi 40 ɗin nan yanzu?

A nan ne za ka ga bambancin wanda ya zauna zaure. Shi ya san a kan kira dattawan da su ka san ƙasa su ƙiyasta darajar kowane yanki, a daidaita, sa'an nan a jefa ƙuri'a. Ya san hukuncin hauzi, cewa wanda ya ga bare yana noma gonarsa shekara 10, yana gari, ba abin da ya hana shi magana, ya yi shiru, to, da'awarsa ta raunana, amma tsakanin dangi wa'adin ya fi haka nisa ƙwarai, kuma abin da aka tabbatar aro ne ko jingina daɗewa ba ta mai da shi mallaka. Ya san a ajiye rabon wanda ba ya nan a hannun amintacce. Ya san kuma mai unguwa da dagaci su ne idon hukuma a wurin, amma su ma mutane ne, suna da surukai. Wanda bai taɓa ganin an yi ba, ko ya haddace Muhtasar daga bango zuwa bango, sai ya tsaya a kunya yana zare ido.

Haka al'amari ya ke har Turawa su ka ci Kano cikin 1903, aka naɗa Sarki Abbas. Turawa ba su rushe kotunan alƙalai ba, sai su ka sa su cikin doka, musamman dokar kotunan ƙasa ta 1906, daga baya kuma ta 1933. Aka fitar da hakimai daga birni aka ce kowa ya zauna a gundumarsa, aka bi su da alƙalai, har shari'a ta matso kusa da mutanen karkara. Aka kafa Baitulmali, aka yanka wa alƙali albashi, kuɗin kotu ya zama na En'e. Aka karkasa kotuna daraja huɗu, kowace da iyakar abin da za ta iya yankewa. Manyan al'amura, kamar kisan kai da rikicin ƙasa, su na Majalisar Sarki ne, har yau kuwa akwai littattafan shari'un da aka yi gaban Sarki Abbas cikin 1913 da 1914, an rubuta su da Larabci.

Wannan canji ya jawo wani sabon ilimi wanda babu shi a Risala. Yanzu dole a rubuta kowace shari'a a littafi, da sunan masu ƙara, da abin da shaidu su ka ce, da hukunci, da kuɗin da aka karɓa, a ba da rasit. Di'o yana iya saukowa rangadi ya ce a kawo littafi, Razdan yana iya tayar da hukunci. Ga shi kuma jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe daga 1912, gonar da da a ke bayarwa kyauta ta zama abin kuɗi, ƙararraki su ka yawaita. Sai aka ga zaure shi kaɗai ba zai iya fitar da ma'aikata da yawan da a ke bukata ba.

Saboda haka a zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, wanda ya hau gado cikin 1926, aka buɗe makarantar shari'a ta Shahuci a cikin birni wajen 1928, da ƙoƙarin Wali Sulaimanu. Cikin 1934 kuma aka kafa Makarantar Shari'a ta Lardunan Arewa a Kano, wadda kowace En'e ta ke aiko da 'ya'yanta. Aka ɗauko malamai daga Sudan, cikinsu har da Shehu Bashir Rayya, gama a Hartum an riga an gwada koyar da alƙalai a aji. Aka zo da allo da alli, da jarrabawa, da takardar shaida. Cikin 1947 aka faɗaɗa ta, aka sake mata suna ta zama Makarantar Nazarin Larabci.

Abin lura a nan shi ne, ko da aka gina aji ba a yar da zaure ba. Wanda ya fita makarantar nan ba a kan naɗa shi alƙali nan take ba. A kan mai da shi En'ensu, a sa shi malamin kotu ko muhuti a ƙarƙashin wani tsoho, ya yi ta rubutu yana kallo. Malam Abubakar Gumi, wanda ya zama Alƙalin Alƙalan Jihar Arewa cikin 1962, ta nan ya bi. Da ya gama makarantar Kano ya koma Sakkwato ya zama magatakardan alƙali, ko da ya ke bai daɗe ba ya bar aikin ya koma koyarwa.

Kada kuwa mu ɓoye gaskiya, zaure yana da nasa ciwo. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Yaron da ya tare wurin alƙali mai tsoron Allah ya kan ɗauki tsoron Allah. Wanda ya faɗa hannun mai karɓar toshi, abin da zai fara koya shi ne ta wace ƙofa a ke shigo da rago da dare. Samari da yawa da su ka fito aji da nassi a ka sun tarar ana yin abin da ba su karanta ba, in sun yi magana a ce musu yaro bai san wuta ba sai ya taka. Waɗansu su ka haƙura su ka bi, waɗansu su ka bar aikin, waɗansu su ka daure har zamaninsu ya zo su ka gyara. Aji ne ya ba su ma'aunin da su ka auna zaure da shi, wannan kuwa ba ƙaramin amfani ba ne.

Ana nan sai wata shari'a ta girgiza ƙasa. Cikin 1947 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma ta rushe hukuncin kisa da kotun Sarkin Gwandu ta yanke wa wani mutum, Tsofo Gubba, don a dokar Turawa wanda aka tunzura ya yi kisa ba a kashe shi. Gardamar da ta biyo baya ba ta kwanta ba har mulkin kai ya gabato. Cikin 1958 Gwamnatin Jihar Arewa ta kira taron masana, shugabansu Sayyid Muhammad Abu Rannat, Babban Jojin Sudan. Daga shawararsu aka sami Final Kod da dokar bin ta, su ka fara aiki cikin 1960, aka kuma kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a. Sai ga wani abin mamaki. Tsofaffin alƙalai masu furfura, waɗanda su ka san zaure ciki da waje, aka riƙa kwasarsu zuwa Makarantar Koyon Mulki ta Zariya, su zauna kan benci su koyi sashe kaza da sashe kaza. Da samari a ke kaiwa wurin tsofaffi, yanzu tsofaffi aka kai aji. Kowa ya ɗanɗana abin da ɗan'uwansa ya sani.

A wannan lokaci ne kuma 'yan Arewa su ka fara shiga ɗaya hanyar, watau aikin lauya. A Ingila ma, in an duba, tsarin zaure ne. Akwai gidajen lauyoyi huɗu a birnin Landan, a wancan lokaci dole ɗalibi ya shiga ɗaya, ya ci abinci tare da manya sau da dama, in ya ci jarrabawa kuma ya tare wurin wani gogagge yana ɗaukar masa takardu. Muhammadu Bello na Katsina, ɗan Muhutin Katsina, ya zama lauya a Landan cikin 1956. Da ya komo sai aka ɗauke shi lauyan Gwamnati mai koyon aiki a Jihar Arewa. Daga nan ya yi majistare, ya shugabanci masu gabatar da ƙara, har ya zama Babban Jojin Nijeriya daga 1987 zuwa 1995. Wanda ya gaje shi, Muhammadu Lawal Uwais na Zariya, shi ma ɗan gidan alƙalai ne, shi ma a ofishin lauyoyin Gwamnati ya goge. Ku duba fa, ɗan muhuti ya ƙetare teku ya komo, amma sai da ya sake zama muhutin wani kafin a ba shi kujera.

Cikin 1962 aka yi dokar da ta kafa Makarantar Lauyoyi ta Nijeriya, ta buɗe a Ikko cikin 1963, don wanda ya gama jami'a ya yi shekara guda yana koyon aiki da hannu. Cikin 1968, bayan an yi jihohi, aka karɓe kotuna daga hannun En'e, aka rufe kotunan sarakuna, alƙalai su ka koma ƙarƙashin Babban Joji. Cikin 2000 Jihar Kano ta komo da shari'ar Musulunci a kan laifuffuka. Makarantar Lauyoyi kuma ta yi rassa, ɗaya yana Bagauda a ƙasar Kano. Ɗalibi ya kan yi shekara biyar a jami'a, a Kano da Zariya yana iya haɗa shari'ar Musulunci da ta Turawa. A shekararsa ta Makarantar Lauyoyi kuwa a kan tura shi 'yan makonni ya zauna a kotu, 'yan makonni kuma a ofishin lauyoyi, waɗansu a Ma'aikatar Shari'a, yana rubuta abin da ya gani a littafi don malamansa su duba.

Wanda Allah ya kai shi Ma'aikatar Shari'a zai ga abin da babu a aji. Zai ga fayil ɗin da 'yan sanda su ka aiko ana neman shawara, ko akwai hujjar da za a gurfanar da mutum ko babu. Zai gane cewa kowace rana da fayil ɗin nan ya kwana a kan tebur, wani yana kwana a kurkuku yana jiran shari'a, wataƙila gonarsa tana can ciyawa ta cinye. Zai ga yadda a ke tsara takardar tuhuma, da yadda kalma ɗaya da aka saka ba daidai ba ta ke kubutar da mai laifi ko ta riƙe marar laifi. Zai koyi cewa lauyan Gwamnati ba a aike shi don ya ci nasara ko ta halin ƙaƙa ba, an aike shi ne ya shimfiɗa gaskiya gaban kotu, ko da ita za ta kayar da shi.

Duk wannan alheri ne. Amma mu auna. Abin da kakanninmu su ke yi cikin shekaru, yanzu cikin makonni a ke yinsa. Galibin ɗalibai kuma a manyan kotunan birni su ke zama, inda a ke magana da Turanci, alhali mafi yawan talakawan ƙasar nan ba su san wata shari'a ba sai ta kotun alƙali da ke kusa da kasuwarsu, kan aure da gado da bashi da iyakar gona. Mutumin Rimin Gado ko Tofa ko Kabo, in shari'arsa ta yi nisa har ta kai gaban Babbar Kotu ko Kotun Ɗaukaka Ƙara, a hannun waɗannan ɗaliban za ta faɗa wata rana. In ba su taɓa ganin gamba a kan iyaka ba, ba su san bambancin jingina da aro a bakin manomi ba, da me za su auna abin da aka rubuto musu?

Shawararmu ga masu riƙe da makarantun nan ita ce, cikin makonnin da a ke rabawa a keɓe waɗansu don kotunan karkara, a kuma zaɓi alƙalan da za a tura yara wurinsu kamar yadda uba ya ke zaɓar wa ɗansa malami. Ku kuma ɗalibai, in an tura ku kada ku ɗauka hutu ne, ku sa hannu a littafi ku sulale. Ku zauna kusa da magatakarda, ku karanta tsofaffin littattafan kotu, in za a fita duba gona ku roƙa a tafi da ku, ku cire takalmin birni ku shiga kunya. Ku saurari tsohuwar da ta zo neman tumuninta, ku ga yadda hannunta ya ke rawa in an miƙo mata takarda. Rigar lauya da rawanin alƙali duk ana sayensu a kasuwa, abin da a ke gani a wuraren nan kuwa ba mai sayar da shi.

Allah ya ba shugabanninmu ikon tsayar da adalci, ya ba masu koyo haƙurin zama gaban manya, ya kiyaye gonar maraya daga kuskuren mai alƙalami, amin.